Kira da Suna: Matakan Farko na Aiki da Manhajar Ɗan Aike a Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, wata rana da hantsi, na shiga ofishin malamin da ke duba kundina, ina riƙe da kwamfutata. Bayan mun gaisa sai ya ce, "To, nuna mini babi na biyu, wanda na yi wa gyara makon jiya." Na ce, "To, Malam." Na buɗe jakar farko ban gan shi ba. Na buɗe ta biyu na tarar da fayil har huɗu: ɗaya sunansa "babi", ɗaya "babi sabo", ɗaya "babi sabo gyararre", na huɗun kuwa "na ƙarshe". Ban san wanne ne a cikinsu ba. Ga batir ya yi ƙasa, ga babu wuta, ga kuma 'yan'uwana ɗalibai uku suna jira a bakin ƙofa. Malam ya yi haƙuri har wajen minti goma, sa'an nan ya ce, "Je ka ka nemo shi, ka dawo mako mai zuwa." Mako guda ke nan ya tafi a banza, alhali kuwa na yi aikin. Abin da ya kayar da ni shi ne ban san inda na ajiye shi ba, ban kuma san sunan da zan kira shi da shi ba.

Wannan abin kunya shi ya sa na fara neman hanyar da mutum zai riƙa samun abin da ya ajiye a kwamfuta ba tare da ya yi ta laluben jakunkuna ba. A cikin wannan nema ne na ci karo da wata irin manhaja wadda ake sarrafa ta da allon madannai kawai. Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda manhajar take, da inda ta samo asali, da matakan da ɗalibi zai bi ya fara aiki da ita. Ra'ayin da zan yi ƙoƙarin tabbatarwa kuwa shi ne cewa aiki da wannan manhaja aikin harshe ne, domin gaba ɗayansa ya dogara ne a kan raɗa suna da kiran suna. Saboda haka ɗalibin nazarin harshe ya fi kowa cancantar ya ƙware a kai.

2.0 Mece Ce Manhajar Ɗan Aike?

Da Ingilishi ana kiran irin wannan manhaja launcher, watau mai harbawa ko mai ƙaddamarwa. Ni dai a ganina waɗannan fassarori biyu ba su zauna a Hausa ba, domin ba su nuna aikin da abin yake yi. Sunan da na ga ya fi dacewa shi ne "ɗan aike". Dalilina kuwa shi ne, ɗan aike yana zaune ne a gefe ba ya damun kowa, sai an kira shi ya taso, a faɗa masa abin da ake so, ya je ya kawo, sa'an nan ya koma mazauninsa. Haka wannan manhaja take. Tana nan a ɓoye muddin kwamfuta tana kunne. Da zarar an danna wasu madannai biyu tare, sai wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar fuskar kwamfuta. Mutum ya rubuta haruffa biyu ko uku na farkon sunan abin da yake so, sai jerin abubuwan da suka dace da haruffan nan ya bayyana a ƙasa. In abin da ake nema ne a sama, sai a danna Enter ya buɗe, akwatin kuma ya ɓace. In an fasa, sai a danna Esc.

Bambancin wannan da hanyar da muka saba shi ne bambancin nuni da kira. Mai aiki da linzamin kwamfuta nuni yake yi da yatsa, don haka dole sai ya ga abu kafin ya taɓa shi, dole kuma sai ya tuna inda yake kafin ya gan shi. Mai aiki da ɗan aike kuwa ba ruwansa da wurin da abu yake. Ko yana cikin jaka bakwai, wata cikin wata, muddin ya san sunansa zai amsa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

Kwamfutocin farko da rubutaccen umarni ake sarrafa su, kuma in aka kuskure harafi ɗaya ba za su ji ba. A shekarar 1968 ne Douglas Engelbart ya nuna wa jama'a linzamin kwamfuta a birnin San Francisco na Amurka, sa'an nan a 1984 kamfanin Apple ya fito da Macintosh, wadda ta yaɗa tsarin tagogi da 'yan hotuna da ake nunawa a danna. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa sabon shiga ƙwarai da gaske. Amma da fayiloli suka yi yawa, daga ɗaruruwa zuwa dubbai, sai nuni da yatsa ya zama wahala.

Daga nan ne aka fara neman hanyar da za ta haɗa saurin rubutaccen umarni da sauƙin zaɓi daga abin da ido ya gani. LaunchBar tana cikin na farko, an fara ta a ƙasar Ostiriya a tsakiyar shekarun 1990. A 2003 Nicholas Jitkoff ya fito da Quicksilver domin kwamfutocin Mac. A 2005 Apple ya sanya tasa mai suna Spotlight a cikin kowace Mac. Microsoft kuma ya sanya gurbin bincike a jerin Start tun daga Windows Vista. A 2010 wasu ma'aurata a Ingila, Andrew da Vero Pepperrell, suka fito da Alfred. A 2020 aka sami Raycast domin Mac, a shekarar ce kuma Microsoft ya fito da PowerToys Run domin Windows. A 2025 ya ƙara wata mai suna Command Palette, wadda aka yi da nufin ta gaji PowerToys Run. Masu aiki da Linux su ma suna da nasu, irin su KRunner da Ulauncher da Albert.

Tun da yake galibinmu da Windows muke aiki, PowerToys Run zan ɗauka a matsayin babban misali a wannan maƙala, in riƙa waiwayar Alfred da Quicksilver inda kwatance zai yi amfani.

4.0 Ina Ribar Take?

Kafin mu ci gaba ya kamata mu tambaya, shin da gaske wannan hanya ta fi sauri, ko kuwa daɗin baki ne? A 1980 wasu masana uku, Card da Moran da Newell, suka auna lokacin da ƙananan motsin mai aiki da kwamfuta ke ci. Sun ƙiyasta cewa ɗauke hannu daga allon madannai zuwa linzami yana cin sakan 0.4, kai kibiyar linzami kan abin da ake nufi yana cin sakan 1.1, danna harafi ɗaya kuwa ga matsakaicin mai bugu yana cin sakan 0.28.

Bari mu yi lissafi da waɗannan alƙaluma. A ce fayil yana cikin jaka ta uku. Mai linzami zai ɗauke hannu, ya yi nuni sau huɗu, ya mayar da hannu. Jimla sakan 5.2 ke nan, ban da lokacin dannawa da na duba da ido. Mai ɗan aike kuwa zai danna madannai biyu na kira, haruffa huɗu na suna, da Enter, watau bakwai ke nan, wajen sakan biyu. Bambancin bai wuce sakan uku da 'yan kai ba. In mutum ya yi haka sau hamsin a yini, abin da ya tsira da shi bai kai minti uku ba. Ashe ke nan wanda ya ce ɗan aike zai mayar masa da sa'o'i a kowace rana ya yi zuƙu.

Akwai ma wata suka da ta fi wannan ƙarfi. A 1989 Bruce Tognazzini, wanda ya yi aikin tsara manhajoji a Apple, ya rubuta cewa a gwaje-gwajensu mutane kan ce allon madannai ya fi musu sauri, amma agogo yakan nuna linzami ne ya fi. Dalilin da ya bayar shi ne, tuno haɗin madannan da aka haddace yana cin lokaci, sai dai mai yinsa ba ya jin wucewar lokacin. Wannan suka gaskiya ce game da haddar haɗin madannai barkatai, waɗanda ba su da wata dangantaka da ma'anar abin da suke yi. Amma ɗan aike haɗi ɗaya tak yake bukata a haddace, watau na kiransa. Sauran duk sunaye ne masu ma'ana, kuma da an rubuta farkonsu zai nuno sauran a zaɓa.

Ribar gaskiya a wurare biyu take. Na farko, zaren tunani ba ya tsinkewa. Duk wanda ya taɓa rubuta sharhin waƙa ko nazarin jimla ya san cewa in ya tashi neman wani fayil a tsakiyar sakin layi, kafin ya dawo jimlar da ke bakinsa ta gudu. Na biyu, yana kawar da irin ɓatan da ya same ni a ofishin Malam, wanda ba a auna shi da sakan, sai da mako.

5.0 Nahawun Ɗan Aike

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da waɗannan manhajoji shi ne kowace tana da ginin jimlarta. Duk umarnin da ake ba su jimlar umarni ce, wadda aikau ɗinta a ɓoye yake, sai aikatau da karɓau. Inda suka bambanta shi ne wajen jeranta su.

A Alfred aikatau ne ke zuwa da farko. Akan rubuta open sa'an nan sunan fayil domin a buɗe shi, ko find domin a nuna inda yake, ko in domin a nemo fayilolin da wata kalma take a cikinsu. Wannan ya yi daidai da jimlar umarni ta Hausa, kamar a ce, "Buɗe kundi," ko "Nemo kundi."

A Quicksilver kuwa karɓau ne ke gaba. Akwatinta gida uku ne. A gidan farko a zaɓi abu, a na biyu a zaɓi aikin da za a yi masa, a na uku kuma, in aikin yana bukata, a faɗi wurin da za a kai shi ko wanda za a aika wa. Bahaushe ma yana da irin wannan gini, inda yakan gabatar da abin da yake magana a kai, kamar a ce, "Kundin nan, kai shi jakar babi na biyu."

PowerToys Run ita kuma alamomi take liƙawa a gaban kalma, waɗanda aikinsu ya yi kama da na ɗafa-goshi a ginin kalma. Kamar yadda "ma-" ke shiga gaban "rubuta" a sami "marubuci" ko "marubuta", haka alama ɗaya ke sauya yadda ɗan aike zai fahimci abin da ya biyo bayanta. Ga waɗanda suka fi amfani ga ɗalibi:

(a) Alamar ? tana nufin a nemi fayil ko jaka kawai. Misali: ? babi2

(b) Alamar = tana nufin lissafi. In kundi shafi 86 ne, ana son kwafi huɗu, sai a rubuta = 86*4, amsa ta fito 344.

(c) Alamar < tana nufin a koma wata tagar da take buɗe, misali daga ƙamus zuwa rubutun da ake yi.

(d) Alamar $ tana kai mutum kai tsaye ga saitunan Windows.

(e) Alamar ?? tana aika tambaya intanet.

In ba a sa wata alama ba, ɗan aike zai duba ko'ina ya kawo abin da ya samu a gauraye. Wani abin lura a nan shi ne, waɗannan kalmomi da alamomi ba dole ba ne su zauna yadda aka same su. A Alfred da PowerToys Run duka ana iya shiga saiti a sauya su. Ni na sauya alamar neman fayil ta koma "nemo", don haka in na rubuta "nemo babi2" ɗan aikena yana ji. Wannan ƙaramar hanya ce ta sa na'ura ta karɓi umarni da Hausa ba tare da jiran wani kamfani ya fassara mana ba.

6.0 Matakan Farawa

Mataki na farko: a fara da abin da ake da shi. Kafin a sauko da kome, mai Windows ya danna madannin da ke da tambarin Windows, ya rubuta "wo", zai ga Word ta fito, ya danna Enter. Mai Mac ya danne Command ya taɓa madannin tazara, Spotlight za ta fito. A yi kwana uku ana buɗe kowace manhaja ta wannan hanya. Wanda ya ga abin bai karɓe shi ba, bai yi asarar kome ba.

Mataki na biyu: a sauko da manhajar daga tushenta. PowerToys kyauta ce, ana samun ta a Microsoft Store ko a shafin Microsoft na GitHub, tana kuma aiki a Windows 10 da 11. Tana da ɗan nauyi, don haka gara a sauko da ita inda ake da wadatar data. Tarin kayan aiki ce masu yawa a ƙunshe wuri ɗaya. Wanda kwamfutarsa ta tsufa sai ya shiga saiti ya kashe duk waɗanda ba ya bukata, ya bar Run kaɗai a kunne, don kada su cinye masa ƙarfin na'ura.

Mataki na uku: a tsayar da madannan kira. A PowerToys Run akan danne Alt a taɓa madannin tazara. A Alfred da Raycast kuwa Option ne da tazara. Ana iya sauya su, amma a kula kada a zaɓi haɗin da wani aiki ya riga ya mallaka. Alal misali, madannin Windows da tazara shi ne na sauya harshen allon madannai, kuma mai rubutun Hausa yana bukatarsa kullum. In an zaɓa kuma a daina sauye-sauye, domin yatsu ne ke haddace shi, yatsu kuwa sai da maimaici suke koyo.

Mataki na huɗu: a nuna wa ɗan aike inda kaya suke. A nan ne sababbin shiga da yawa ke karaya, su ce manhajar ba ta aiki. Gaskiyar maganar ita ce, ɗan aike ba ya bin jakunkuna ɗaya bayan ɗaya a lokacin da aka aike shi. Fihirisa yake dubawa, kamar yadda mai neman kalma a littafi yakan duba fihirisar da ke ƙarshensa. PowerToys Run da fihirisar Windows take aiki, ita kuwa wannan fihirisa a yadda take zuwa ba ta ƙunshi dukan kwamfuta ba, sai wasu jakunkuna sanannu, irin su Documents da Pictures da Music da abin da ke kan Desktop. Saboda haka wanda ya ajiye kundinsa a wani lungu dabam, ko dai ya dawo da shi cikin Documents, ko ya shiga saitin bincike na Windows ya ƙara wannan jaka. Akwai zaɓin a sa fihirisa ta game dukan kwamfuta, amma ginin farko yana cin lokaci da batir, don haka a yi shi sa'ad da akwai wuta. Abin da ke kan filashi kuwa galibi ba ya shiga fihirisa, sai an kwafo shi.

Mataki na biyar: a gyara sunaye. Wannan shi ne ƙashin bayan dukan aikin. Ɗan aike, kome hazaƙarsa, ba zai bambance "babi sabo" da "na ƙarshe" ba. Tsarin da na bi shi ne kowane suna ya ƙunshi abu uku: aikin, da sashen, da kwanan wata. Misali: kundi-babi2-2025-03-14. In aka fara kwanan wata da shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, fayiloli za su jeru da kansu daga tsoho zuwa sabo. A lura Windows ba ta yarda da wasu alamomi a sunan fayil, cikinsu har da / da : da ? da *, don haka karan ɗori ake sawa tsakanin alƙaluma. Rikodin hirar da aka yi a fage shi ma haka: hira, da sunan gari, da kwanan wata. Yammaci ɗaya na ɗauka na sake wa fayilolina suna, kuma ban taɓa yin aikin da ya biya ni kamarsa ba.

Mataki na shida: a ƙara sabon abu ɗaya a kowane mako. Makon farko buɗe manhajoji, na biyu neman fayil, na uku lissafi da sauya taga. Bayan nan sai a koyi cewa in an zaɓi fayil a jerin, Ctrl da Shift da E suna buɗe jakar da yake ciki, Ctrl da C kuma suna kwafo adireshinsa. Wanda ya ce zai haddace duka a rana ɗaya, zai watsar da duka a rana ta biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

7.0 Matsalar Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman, wadda jagororin da masu manhajojin suka rubuta ba su taɓo ba. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa, wasali mai alamar karin sauti kamar à ko â ana iya warware shi gida biyu, watau a da alamar da ke kansa. Don haka masu bincike da yawa sukan iya ture alamar su gane kalmar. Amma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba a warware su haka. Kowanne harafi ne mai zaman kansa, mai lambarsa dabam. A wajen na'ura ke nan ƙ ba k ba ce mai ado.

Ta fuskar ilmin harshe wannan daidai ne, domin baki dabam baƙi dabam, haka kafa da ƙafa, da dafa da ɗafa. Amma ta fuskar bincike tarko ne. In ka raɗa wa fayil suna "waƙoƙin-noma", sa'an nan ka rubuta "wakokin", sau da yawa ɗan aike zai dawo hannu rabbana. Haka kuma wanda ya karɓi fayil daga abokin nazari a Jamhuriyar Nijar zai iya tarar da ƴ a inda mu muke rubuta 'y. Ita kanta alamar da ke gaban y ɗin iri-iri ce a na'ura: akwai miƙaƙƙiya, akwai lanƙwasasshiya wadda Word ke sauyawa da kanta, kuma lambobinsu ba ɗaya ba ne.

Mafita biyu ce, kuma dole mutum ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta. Ko dai a riƙa sa ƙugiya a kowane sunan fayil, a kuma riƙa bincike da ita, ko kuwa a bar sunayen fayil ba ƙugiya ko ɗaya. Ni ta biyun na zaɓa, kuma na san wasu malamaina ba za su so haka ba. Hujjata ita ce, sunan fayil lakabi ne na ajiya, kuma fayil yakan yi yawo zuwa kwamfutar shagon buga takardu da ta ɗakin karatu, inda ba lalle a sami allon Hausa ba. Amma wannan rangwame iyakarsa sunan fayil. A cikin rubutun kansa babu uzurin barin ƙugiya ko ɗaya, domin ƙa'idar rubutu ce, kuma mu ne masu tsaronta.

Domin buga su kuwa, Windows tana da allon Hausa a cikinta, sai dai a ƙara shi daga saitin harshe. Akwai kuma wata 'yar dabara: madannin Windows da V suna buɗe ma'ajiyar abubuwan da aka kwafa, wadda ke riƙe har guda 25. In aka kwafi ɓ da ɗ da ƙ da manyansu aka kafe su a ciki, suna nan ko an kashe kwamfuta an kunna. Masu Raycast, da masu Alfred da suka sayi ƙarin da ake kira Powerpack, suna iya ajiye dogon rubutu a ƙarƙashin gajeriyar alama, ta yadda haruffa uku za su fito da cikakken sunan sashe ko taken kundi.

8.0 Abubuwan Kiyayewa

Ɗan aike ba ya musu, abin da aka faɗa masa shi yake yi, kuma nan take. Don haka akwai abubuwa uku da za a kiyaye. Na farko, a duba abin da ke saman jerin kafin a danna Enter, domin cikin umarnin da yake karɓa har da kashe kwamfuta, kuma haruffa biyu na iya nuno abin da ba shi ake nufi ba. Na biyu, alamar > a PowerToys Run tana aika umarni kai tsaye zuwa cikin tsarin Windows. Kada a kwafo wani umarni daga intanet a liƙa a nan in ba a san aikinsa ba. Haka kuma ƙare-ƙaren da wasu mutane dabam suka rubuta wa waɗannan manhajoji, kada a ɗora sai wanda aka san tushensa. Na uku, ma'ajiyar kwafi tana iya riƙe kalmar sirri ko lambar asusun banki da aka kwafa. Wanda yake ba da aron kwamfutarsa, kamar yadda muka saba a ɗakunan kwana, ya riƙa share ta.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an bayyana manhajar da na ba sunan ɗan aike, an kawo tarihinta a taƙaice, an kuma nuna cewa ribarta ta fuskar sakan kaɗan ce, amma ta fuskar tattara hankali da tsare aiki daga ɓata babba ce. An nuna cewa umarninta jimloli ne masu tsari, waɗanda ake iya mayar da wasunsu Hausa, kuma ingancin aikinta ya rataya ne a kan ingancin sunayen da muka raɗa wa abubuwanmu.

Saura abu biyu da nake roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai su duba. Na farko shi ne sunan kansa. "Ɗan aike" shawara ce kawai, in wani yana da wanda ya fi shi dacewa, shafukan wannan mujalla a buɗe suke. Na biyu, zai yi kyau sashenmu ya tsayar da tsari ɗaya na raɗa wa fayilolin kundi da na rikodin hira suna, ya kuma yanke hukunci a kan maganar ƙugiya, domin abin da ɗalibi ya tattaro bana ya samu ga wanda zai neme shi bayan shekara goma. Ni dai da na koma ofishin Malam a mako na gaba, ya ce in nuna masa babi na biyu, haruffa kaɗan na buga ya fito. Ya karanta, ya kuma ce in sake rubuta rabinsa.